Jawabi Kan Injin Buga Takardu: Toshewar Kai da Tattalin Tawada

 

Yau maganar firinta za mu yi, wato injin buga takardu. Wasu ƙungiyoyinmu a nan Tungar Daji da ɓangaren Bukkuyum da Gummi sun zuba kuɗin asusu sun saye shi, wasu kuma suna shawara. Sana'a ce mai kyau, domin fotokofin katin ɗan ƙasa, takardun makaranta, hoton fasfo da katin biki ba sa yankewa, kuma da sai an hau kabu-kabu an je Anka kafin a samu. Amma injin nan da zubinku aka saye shi. Idan ya tsaya, ranar rabo kowace mace za ta ji a jikinta. Kuma abin da ya fi tsayar da shi ba wata babbar lalacewa ba ce, tawada ce ke bushewa a bakinsa.

A cikin injin akwai abin da ake kira kai, shi ne mai zirga-zirga dama da hagu idan ana bugu. A ƙasansa akwai ƙananan ramuka masu yawa, kowanne bai kai kaurin silin gashi ba, ta nan tawada ke fitowa. Tawada kuwa ruwa ce. Kun san yadda kunu ke yin fata a sama idan an bar shi a buɗe? Haka take yi a bakin ramukan. Sai ki ga rubutu ya fito da fararen layuka, ko fuskar mutum a hoto ta koma kore, ko takarda ta fito fara fat alhali tanki cike yake.

Zama ba aiki shi ne babban mai jawo wannan. A yankinmu kuwa zama yakan zo ba da son mutum ba. Kun tuna watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara aka kuma rufe kasuwannin mako. Irin wannan lokaci ciniki kan tsaya cak. To ko babu mai saye, a kunna injin sau ɗaya a mako a buga shafi guda mai ɗauke da baƙi da ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Takarda ɗaya ta fi kuɗin gyara araha nesa ba kusa ba.

Sai yadda ake kashe shi. Idan kin danna maɓallin kashewa, kan yana komawa gefe ya zauna a kan wata 'yar roba da ke rufe bakinsa, kamar yadda ake kife faifai a kan ƙwarya. Idan aka fizge waya, ko janareto ya mutu, ko batirin sola ya ƙare ana cikin aiki, kan yakan tsaya a tsakiya baki buɗe. Da wuta ta dawo, a kunna, a bari ya koma mazauninsa, sannan a kashe da maɓalli. Ƙura kuma, mutanen Anka da Bukkuyum ba sa buƙatar wa'azi a kanta tun abin da gubar dalma ta yi wa yaranmu a 2010. Inji ma ba ya sonta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, a lulluɓe shi da zane mai kauri da zarar an gama aiki, kada a ajiye shi kusa da taga ko injin niƙa.

To idan ya riga ya toshe fa? Kada a yi gaggawar ɗaukarsa zuwa Gusau. A fara da gwaji. A irin Epson L3110 mai tanki, ki kashe injin, ki danne maɓallin tsayarwa, mai alamar kusurwa uku cikin da'ira, ki kunna kina riƙe da shi har fitila ta fara ƙiftawa. Zai fito da takarda mai layukan kowane launi. Inda layi ya yanke, nan ne toshewar. Daga nan, injin yana kunne, ki danne wannan maɓallin kamar daƙiƙa 5, zai wanke kansa da kansa. Ki jira ya gama, ki sake gwajin.

A nan ne kuɗi ke zubewa, don haka ku saurara da kyau. Wankin nan da tawadarku ake yin sa. Injin yana zuƙo ta ya zubar a wani soso da ke cikinsa, kuma idan soson ya cika injin yakan ƙi aiki sai an kai wa mai gyara. Na ga inda yaron shago ya yi wankin sau goma a jere, rabin tanki ya tafi, layukan suna nan. Kamfanin da kansa cewa ya yi idan an yi sau 3 bai gyaru ba, a bar injin ya huta aƙalla awa 12 ba bugu. Wannan hutun yana ba busasshiyar tawadar damar jiƙa. Sau da yawa da safe sai ki ga ya buɗe.

Masu ƙananan HP ko Canon da ake cire katirij, naku da sauƙi, domin a yawancinsu ramukan a jikin katirij ɗin suke. Ki sayi ruwan allura a kemis, ki ɗan ɗumama shi, ki jiƙa tsumma mai tsabta marar gashi, ki ɗora bakin katirij a kai na 'yan mintoci. Idan kin ga tawada ta yi shaida a tsumman, ya buɗe. Ki bar shi ya bushe kafin ki mayar, kuma kada ki taɓa wurin nan mai ruwan tagulla da yatsa. Ruwan rijiya yana da ƙasa da gishiri a ciki, ƙara toshewa zai yi. Kananzir, fetur, allura ko tsinke, don Allah kada ma a gwada. Irin wannan katirij da zafi yake tura tawada, saboda haka idan aka ci gaba da bugu bayan ta ƙare, kan yana ƙonewa.

Yanzu lissafi. Ƙaramin baƙin katirij na HP 123, kamfanin ya ce yana buga shafi kusan 120. Kwalbar baƙar tawada ta Epson mai mililita 65, an ce tana kai shafi 4,500. Wannan ƙidayar tasu ce, a kan takardu masu ɗan rubutu. Ni nakan ce a raba biyu, domin katin ɗan ƙasa da hoto suna shan tawada. Duk da haka tazarar a fili take. Injin katirij yana da arha ranar saye, amma shi ne mai cin riba a hankali. Ƙungiyar da ba ta saya ba tukuna, shawarata ta ƙara haƙuri ta tara kuɗin mai tanki.

Ma'aji, ga naki aikin. Ki raba kuɗin kwalba da yawan shafin da ta buga muku, ki ƙara kuɗin takarda da na wuta, shi ne abin da shafi ɗaya ya ci. Wannan kason a cire shi kullum a sa a jaka daban cikin akwati, kamar yadda muke ware kuɗin taimakon juna. Ba riba ba ce, kada a ba da shi bashi.

Wajen saye, a duba lambar da ke jikin kwalbar da ta zo da injin, a sayi irinta, a tabbatar hatimin bakinta bai tashi ba. Kada a gauraya iri biyu a tanki ɗaya, domin wasu idan sun haɗu suna yin gudaji. Tawadar da ake aunawa a robar da babu suna, ni ban yarda da ita ba ko da rabin kuɗi ce. Ƙungiyoyi biyu ko uku za su iya haɗa saƙo ga mutum ɗaya mai zuwa Gusau ko Sakkwato, kuɗin mota ya ragu. A ajiye kwalaben a inuwa, inda yara ba sa kaiwa. Takardar da rubutu ne kawai a buga ta da baƙi, kuma kada a bari tanki ya sauka ƙasa da layin ƙasa, don iska na shiga bututun.

Mako mai zuwa kowace ƙungiya mai inji ta zo da takardar gwajinta da littafin da ake rubuta yawan shafi, mu duba tare. Yanzu kuma wadda ke da tambaya, bismillah.