Ilmin Ciniki: Daga Kasuwar Shinkafi Zuwa Ajin Kwaleji

(Wannan shi ne jawabin da baƙonmu ya yi a taron ƙungiyar ɗalibai. Mun buga shi kamar yadda ya gabatar da shi.)



Na gode da kuka ga ya dace in tsaya gabanku. Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne karatun sana'a na sarrafa harkokin kasuwanci, musamman fannin talla da sayarwa. Na sani sarai akwai waɗanda ke zaune a nan suna cewa a ransu, "Ashe talla ma har sai an shiga aji?" Na san kuma iyayen da in ɗansu ya ce ya sami gurbin karatun ciniki sai ransu ya ɓaci, don likita ko lauya su ke so. To, ni mutumin Katuru ne, ta ƙasar Shinkafi, kuma da abin da na gani a ƙasarmu zan amsa wannan tambaya.

Da farko ya kamata mu tuna ba baƙi ba ne mu a wannan fage. Tun kafin zuwan Turawa fatake ke fita daga ƙasar Hausa da kanwa da tufafi da fatu, su bi ta Zamfara su nufi Gwanja, su komo da goro. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka yi zama a Gummi, duk da wannan fatauci suka yi suna. Ayarinsu kuwa tsari gare shi. Madugu ke shugabanci, shi ke shirya fito da sarakunan hanya, jagaba na gaba yana duba zango, a can masauki kuma akwai fatoma mai saukar da baƙi, mai ajiye kaya, mai tsaya wa baƙo a kan bashi. Dillali na haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'adarsa. Wanda ya duba littattafan da a ke koyar da ku yau zai tarar da kowane ɗaya daga cikin waɗannan, sunansa kaɗai aka sake.

Sa'an nan jirgin ƙasa ya zo. Ya isa Kano a 1911, daga 1912 kuwa cinikin gyaɗa ya buɗe. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro, ya zama babban mai saya wa kamfanonin Turawa gyaɗa, har ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. A 1929 aka kawo dogo daga Zariya, ya ratsa Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda. Wannan shi ya mai da Ƙaura matattarar gyaɗa da auduga da fatu na Zurmi da Shinkafi da Isa da kewaye. Jakuna da raƙuma su sauke, a aza a sikeli, a loda a tarago.

Amma ku lura da abu guda. Manomin Katuru shi ke noma gyaɗar, ba shi ke yanka mata kuɗi ba. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 aka mai da al'amarin hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Hukuma ke faɗin farashi tun farkon kaka, wakilanta masu lasin su saya, 'yan baranda su tsaya tsakaninsu da manomi. Watau dai manomi ba ya bukatar neman mai saye, ba shi kuma da ikon taya kayansa. Fari ya zo a 1973, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, dalar gyaɗa ta rushe. A 1986 gwamnati ta soke hukumomin cinikin amfanin gona baki ɗaya. Tun daga ran nan aka bar manomi da kasuwa, ido da ido. Aikin da hukuma ke yi a da, na tantance kyawun kaya, da ajiya, da nemo mai saye a nesa, ya zama ba shi da takamaiman mai shi. Wannan giɓi shi na ke kiran ku ku cike.

To, mene ne a ke koyarwa? Wani malamin Amurka, Jerome McCarthy, ya tara ilmin talla a ƙarƙashin abubuwa huɗu a 1960: hajar kanta, da kuɗinta, da wurin da za a same ta, da yadda za a sanar da ita. Bari mu kai su kasuwar Shinkafi ran Alhamis mu gwada.

Haja. Mata biyu na sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ɗaya ta zuba mai a tsohuwar kwalba da ta tsinta, ɗaya ta tace nata, ta sa a sabon mazubi mai murfi, da sunanta da lambar wayarta a jiki. Mai ɗaya ne, amma na biyun kaɗai zai iya shiga kanti a Gusau ko Kaduna. Kuɗi kuwa, mun iya tayi, mun iya cewa "albarka", amma kaɗan ne cikinmu ke sanin iyakar da in suka sallama ƙasa da ita sun faɗi. Wuri shi ne sanin ko ya fi riba ka sayar da wakenka a ƙauye, ko ka kai Ƙaura, ko ka haɗa mota da 'yan'uwanka zuwa Dawanau a Kano. Sanarwa kuma ta faro tun daga muryar yarinya mai talla, da gyaran da mai awo ke ƙara wa abokin cinikinsa don ya dawo, har ta kai ga hoton rago da a ke aikawa Legas ta WhatsApp kafin Babbar Salla.

Kun ga ke nan makaranta ba ta zo da sabon abu daga sama ba. Abin da ta ƙara shi ne lissafi da rubutu, kuma nan ne rauninmu ya ke. Ga misali. A ce wani ya sayi buhu 20 na gero da kaka, kowane buhu naira 40,000, jimla 800,000. Bayan wata biyar ya sayar a kan 46,000. In ka tambaye shi sai ya ce ya ci ribar 6,000 a kowane buhu, watau 120,000. Amma kuɗin buhu da dako da mota da la'ada da hayar ɗaki da maganin ƙwari sun ci 3,000 a kowane buhu, 60,000 ke nan. Ƙwari da zuba kuma sun cinye masa kimanin buhu guda. Saura 19 ya sayar, ya karɓi 874,000, alhali ya kashe 860,000. Ribarsa ta gaskiya 14,000 ce, bayan ya ɗaure jarinsa wata biyar. Mutumin nan zai tafi gida yana murna, ya kashe ribar da bai samu ba, baɗi ya rasa inda uwar kuɗinsa ta shiga, ya ce sammu aka yi masa.

Ni kaina na taɓa faɗawa irin wannan rami. Ina ƙaramin ma'aikaci na tara ɗan abin da na tara, na buɗe kantin kayan masarufi na ɗora ƙanena a kai. Ciniki na tafiya, kullum da jama'a. Sai dai rabin jama'ar abokan aikina ne da dangi, kowa ya ɗauka sai ya ce "sai ƙarshen wata". Kunya ta hana mu rubutawa, ta kuma hana mu bi. Kafin shekara ta kewayo kanta ta zama wayam, ba ɓarawon da ya shiga. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, ban ƙi ba. Amma ku tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Tsarin rubuta shiga da fita da akantoci ke bi, wanda Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa a Italiya a 1494, ya zo ya tarar da mu da wannan umurni tun tuni. Mu ne muka yi sakaci.

Hanyar karatun a buɗe ta ke, kuma tana kusa da gida. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda a 1983, tun muna cikin Jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Ana koyar da harkokin kasuwanci a can, haka kuma a takwararta ta Kaduna da sauransu. Hukumar da ke kula da ilmin fasaha ta ƙasa, wadda aka kafa a 1977, ita ke tsara manhaja. Ɗalibi zai yi shekara biyu ya sami ƙaramar difloma, ya fita ya yi shekara guda yana aiki, sa'an nan ya komo ya yi wasu biyu don babbar difloma. Wannan shekara ta tsakiya ita ce zuciyar karatun, ita ce kuma aka fi wasa da ita. Sau da yawa yaro zai nemi ofis inda zai zauna ba aikin fari ba na baƙi, a sa masa hannu a takarda. Da ni ne, gun babban ɗan kasuwar hatsi ko dillalin shanu zan tafi, in riƙe masa littafi. Shi zai koya mini sanin mutane da sanin kaya, ni in nuna masa inda kuɗinsa ke zurarewa.

Ku da ke jami'a kuma, ina roƙonku ku bar raina mai difloma. Wannan bambanci da a ke nunawa tsakanin digiri da difloma ya cuce mu ƙwarai. Ya sa yara masu basirar ciniki suna gudun abin da suka iya, suna bin kwas ɗin da ba su so, daga baya su yi shekaru suna yawo da takarda a ofisoshi. Gwamnati ba ta da kujerun da za su ishe ku duka, kun kuwa fi ni sanin haka.

Ba zan ɓoye muku wahalar da ke gaba ba. Rashin tsaro ya taɓa ƙasarmu a inda ya fi ciwo, watau gona da hanya da kasuwa. An rufe kan iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta Nijar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, alhali cinikinmu da mutanen Maraɗi ya girmi iyakar kanta. A Satumba 2021 aka dakatar da kasuwannin mako-mako a Zamfara, aka kuma katse layukan waya. A farkon 2023 canjin kuɗi ya jawo ƙarancin takardun naira, har mai akuya ya rasa wanda zai biya shi hannu da hannu. Wani zai ce, ina amfanin ilmin talla a inda kasuwa ba ta ci? Amsata ita ce, a irin wannan lokaci ne bambanci ke fitowa. Wanda ke da mai saye ɗaya da hanya ɗaya, ya kuma zuba jarinsa duka a haja ɗaya, shi ya fara durƙushewa. Wanda ya raba ƙafa, ya buɗe ajiya a banki, ya riƙe amana da abokan ciniki a garuruwa biyu ko uku, ya fi samun abin dafawa. Ilmi ba zai kawo zaman lafiya shi kaɗai ba, wannan nauyin hukuma ne, kuma wajibi ne mu ci gaba da tuna mata. Amma saurayin da ke da sana'a mai ci da shi ya fi wuyar ruɗuwa.

Ga 'yan'uwana ƙananan ma'aikata, ku ma da rabonku. Ku ke karɓar harajin kasuwa, ku ke rajistar ƙungiyoyin gama kai, ku ke rubuta takardun rance. In kun fahimci lissafin buhun geron nan, za ku san kowace naira da aka karɓa a shingen hanya ba bisa ƙa'ida ba, daga aljihun manomi ta fito, ko ta hau kan mai saye.

Abu na ƙarshe shi ne gaskiya. Akwai masu zaton talla ita ce iya zaƙin baki da rufe aibin haja. Mai bugun gindin mudu, da mai zuba tsakuwa a wake, da mai sa manyan albasa a bakin buhu ƙanana a ƙasa, kowannensu ya ci riba yau, amma ya kashe sunan garinsu. In aka ce kayan wuri kaza ba su da aminci, har mai gaskiyar garin sai an rage masa kuɗi. Sura guda aka saukar a kan masu tauye awo. Kakanninmu sun karɓi goro bashi a Gwanja ba takarda, don an san kyan alkawari cikawa. Wannan amana ita ce jarin da suka bar mana.

Saboda haka ga aikin da na ba ku. In kun tafi hutu, kowa ya zaɓi ɗan kasuwa ɗaya a gidansu, ko uwa mai ƙuli-ƙuli, ko kawu mai awo, ya sayi littafi ya rubuta masa shiga da fita da bashi na kasuwa huɗu a jere. Ran da kuka komo, ku kawo abin da kuka gano a tattauna a wannan zaure, in kun gayyace ni zan zo in saurara.

Allah Ya ba ƙasarmu lafiya, Ya sa albarka a karatunku.