Wa Zai Biya Kuɗin Allurar 'Ya'yanmu Bayan 2028?

Shugaban taro, malamanmu da iyayenmu da suka taso daga Bronx da Harlem, 'yan'uwa ɗalibai maza da mata, barkanmu da haɗuwa.

Mu mazauna wannan birni mun saba ganin shugabanninmu kowane watan Satumba suna hawa mumbarin Majalisar Ɗinkin Duniya, suna yi wa ƙasashe masu arziki tuni da alkawuran da suka ɗauka. 'Yan taku kaɗan daga nan hedkwatar UNICEF take, hukumar da ta fi kowa sayen allurar rigakafin yara a duniya. Yau muna so mu yi magana a kan kuɗin da ake sayen wannan allura da shi, domin rijiyar da aka daɗe ana ɗiba ta fara ƙafewa.

Ran 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a kan ficewar Amurka daga Hukumar Lafiya ta Duniya, ya kuma dakatar da tallafin ƙasashen waje. Kafin shekara ta raba, an rufe USAID. A Fabrairu Birtaniya ta ce za ta rage nata tallafin daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. A Yuni kuma, a taron tara wa asusun Gavi kuɗi a Brussels, sakataren lafiyar Amurka Robert Kennedy ya sanar cewa ƙasarsa ta janye hannu. An nemi dala biliyan 11.9, aka tashi da tara da 'yan kai.

Gavi ɗin nan, ga wanda bai san aikinsa ba, tun 2000 yake haɗa kuɗin masu bayarwa ya sayi allura da yawa a kan farashi mai sauƙi. Ƙasa matalauciya takan biya ɗan kaso, kason yana ƙaruwa yayin da arzikinta yake ƙaruwa, har ranar da za a yaye ta. Da ƙa'ida aka bi, da tun 2021 an yaye Najeriya. A 2018 aka ɗaga mata ƙafa zuwa 2028. To ga 2028 nan a bakin ƙofa, alhali a ƙididdigar 2023 yaran Najeriya fiye da miliyan 2 ba su taɓa samun ko allurar farko ta rigakafin mashaƙo da tarin shiƙa ba, adadin da babu ƙasar da ta kai shi. Ba sai an gaya mana a wane ɓangaren ƙasar yawancinsu suke ba. Mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano ya fi yi wa ɓarna.

Zagin Amurka a nan abu ne mai sauƙi, kuma akwai abin zargi: wanda ya yanke magani dare ɗaya ba tare da wa'adi ba ya san akwai rayukan da za su salwanta. Amma Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. A Abuja, ba a Washington ba, shugabannin Afirka suka taru a Afrilun 2001 suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Kasafin tarayyar ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron har yau yana yawo a kusa da kashi 5. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asibitocin matakin farko, sai da aka shekara huɗu kafin a sa shi a kasafi. Kuma ɗakin haɗa allura na Yaba a Legas, wanda ya yi shekaru yana samar da rigakafin agana da shawara da haukan kare, an rufe shi a 1991 da sunan gyara. Gyaran ke nan har yau. Cibiyar Pasteur ta Dakar kuwa tana nan tana haɗa allurar shawara.

Abin da ya fi damun mu ya wuce lissafin kuɗi. Mu 'yan Arewa mun san da wace wahala aka samu yardar iyaye. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer mai hedkwata a wannan birni ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano, cikin gwajin da ya shafi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyalai sun kawo ƙara nan New York, kotun ɗaukaka ƙara ta ba su damar ci gaba da shari'a a 2009, a shekarar kuma kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da ya amsa laifi ba. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa jita-jita ta sami gindin zama a 2003, lokacin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin shan inna har zuwa Yulin 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. Sai da sarakuna suka shiga gaba ƙarƙashin Sarkin Musulmi, masu unguwanni suka bi gida gida, aka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano a Fabrairun 2013, kafin a kai ga 25 ga Agustan 2020, ranar da aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na asali.

Yanzu ku dubi uwar da aka shekara ashirin ana lallashi. Ta goya ɗanta, ta biya kuɗin babur zuwa asibitin shan ka tafi, aka ce mata babu allura, ko firij ya lalace, ko ma'aikaciyar ba ta zo ba saboda ba a biya ta ba. Ba za ta karanta labarin taron Brussels ba. Za ta koma gida ta gaya wa kishiyarta da maƙwabtanta, kuma da wuya ta sake dawowa.

Majalisar tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 don cike giɓi, kuma ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, mutum ne da aka zaɓa ya shugabanci Gavi a 2023 ya ajiye ya koma gida, don haka ya san lissafin ciki da waje. Sai dai allura tana zuwa ne ta Abuja, amma man motar da zai kai ta ƙauye da albashin mai yin ta suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi. Wasu jihohinmu sun fara rubuta kashi 15 a takarda, madalla. Rubutawa daban, sakin kuɗi daban.

A nan ne muke da abin yi. A zauren nan akwai masu karatun lissafin kuɗi, da likitoci, da lauyoyi. Jihohi suna wallafa rahoton aiwatar da kasafinsu duk wata uku a intanet, kusan babu mai buɗewa. Muna ba da shawarar kowane rukuni ya ɗauki jiharsa, ya fitar da abin da aka ware wa rigakafi da abin da aka saki, mu rubuta shi da Hausa a shafi ɗaya, mu aika wa gidajen rediyon gida da 'yan majalisar mazaɓunmu kafin kakar zaɓen 2027 ta kankama. Takardar sunaye tana wajen sakatare, an jera jihohin daga Sakkwato zuwa Borno.