Motar Kara da Motar Roba

Jama'a masu sauraro a Wara da Yelwa da Shanga da ƙauyukan bakin tafkin Kainji. Yau hirarmu a kan wasan yara ce.

Duk wanda ya shiga kasuwa ana jibi Sallah ya ga tulin bindigogin roba da motoci masu batir da 'yan tsana masu gashin Turawa. Mafi yawansu daga masana'antun ƙasar Sin suke fitowa, irin na birnin Shantou, dubbai a kama ɗaya. Ban ce kada a saya ba. Wane uba ne ba ya son ganin ɗansa yana murna? Amma mu lura, motar roba a kammale take zuwa. Aikin yaro ya tura ta kawai. Ran da ta karye, sai kuka, sai bola.

To, motar kara fa? Bayan girbi yaro zai zaɓo karan dawa, ya feƙe, ya auna, ya yanko taya daga tsohon silifa. Ta karkace, ya warware ya sake. Idan ɗan masunci ne, kwalekwale zai sassaƙa, ya kai bakin ruwa. In ya kife, shi da kansa zai gano inda nauyi ya rinjaya. Babu wanda ya kira wannan darasi, amma awo ne da lissafi da haƙuri. A ƙasar da ake tseren jirage a bikin Rigata na Yawuri, wannan ba ƙaramin gado ba ne.

Haka labari yake. Idan kaka ta ambaci Dodo a tatsuniya, yara goma Dodo goma suke gani, kowa da nasa ƙaho da haƙora. Littafi ma yana barin wannan fili. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, haifaffen Kagara a nan maƙwabciyarmu jihar Neja, ya fito tun 1934, kuma har gobe mai karatu ne ke zana ƙasar aljannun a zuciyarsa. Katun na waya kuwa ya riga ya zana komai, har muryar ma ya ba ka.

Saboda haka, iyaye, idan kuka tarar da yaro ya baje kara da gwangwani da laka a tsakar gida, kada a yi saurin cewa ɓarna yake yi. A dai sa ido a kan reza, kuma kada ƙanana su je bakin ruwa ba babba tare da su.