Takardun Rukunonin Jiragen Yaƙi da Lissafin Matuƙan da Ba Su Dawo Ba

Wannan lacca ta shafi hanyar da masana tarihi ke bi wajen gano abin da ya auku ga rukunonin ƙananan jiragen yaƙi, wato jiragen da aikinsu shi ne farautar jiragen abokan gaba a sararin samaniya, tare da tantance makomar matuƙan da suka tashi ba su dawo ba. An ɗauki misalin rundunar sojan saman Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu ne saboda takardunta sun tsira da yawa, kuma an daɗe ana gwada su da na Jamus har aka san inda suke da ƙarfi da inda suke da rauni. Rukuni, wanda sojoji ke kira sikwadiron, shi ne tubalin ginin rundunar, kuma a 1940 yakan tashi da jirage 12 a lokaci guda, ko da yake yana da wasu a ajiye da ƙarin matuƙa domin cike gurbi.

Tushen binciken shi ne littafin ayyukan rukuni, wanda doka ta wajabta wa kowane rukuni ya riƙa cikewa. Littafin kashi biyu ne: fom mai lamba 540, wanda ke taƙaita abubuwan da suka faru kowace rana a cikin wata, kamar sauyin sansani da zuwan sababbin matuƙa da labarin rasuwa, sai kuma fom mai lamba 541, wanda ke jera kowane tashi da lambar jirgi da sunan matuƙi da lokacin tashi da na sauka. Ana adana waɗannan littattafai a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kew, a birnin Landan, ƙarƙashin jerin da aka sa wa lamba AIR 27. Sai dai wanda ya ɗauke su kamar yankan wuƙa zai yi kuskure, domin hafsan da aka ɗora wa aikin yakan rubuta ne bayan kwanaki, wani lokaci daga abin da ya tuna, kuma ingancin rubutun ya dogara ga himmarsa. Rukunonin da suka janye daga Faransa a watannin Mayu da Yuni na 1940 sun yi asarar takardu masu yawa a cikin gaggawar ficewa, ta yadda makonnin da aka fi zubar da jini su ne suka fi ƙarancin bayani.

Inda matsalar ta fi tsanani shi ne rahoton gumurzu, wato bayanin da matuƙi ke bai wa hafsan tattara bayanai da zarar ya sauka, wanda ake samu a jerin AIR 50. A nan ne matuƙi ke faɗin jiragen da ya kakkaɓo, kuma ana karkasa iƙirarin zuwa wanda aka hallaka, da wanda ake kyautata zaton an hallaka, da wanda aka yi wa lahani kawai. A ranar 15 ga Satumba, 1940, ɗaya daga cikin ranakun da suka fi zafi a gwagwarmayar da aka yi a samaniyar Ingila, hukuma ta sanar da cewa an harbo jiragen Jamus 185, amma da aka duba takardun Jamusawa bayan yaƙi sai aka tarar adadin bai wuce kimanin 60 ba. Bai kamata a yi saurin kiran wannan ƙarya ba. Artabun sama yakan ɗauki daƙiƙoƙi ne kawai, matuƙa biyu ko uku suna iya buɗe wa jirgi ɗaya wuta kowannensu yana ganin shi ya kayar da shi, kuma jirgin Messerschmitt 109 da ya sunkuya ƙasa da cikakken gudu yakan fitar da baƙin hayaƙi daga injinsa, sai mai binsa ya ɗauka wuta ce ta kama shi. Wanda kuwa ya tsaya bin jirgi da ido har ya ga faɗuwarsa, shi ne ake harbowa ta baya. Jamusawa ma haka suka riƙa zuzuta nasu adadin, har shugabanninsu suka yi zaton rundunar Birtaniya ta kusa ƙarewa alhali ba ta ƙare ba.

Saboda haka ƙa'idar da masana suka tsaya a kanta ita ce, ana neman yawan asarar kowane ɓangare ne a cikin takardunsa na cikin gida, domin kwamandan da ke buƙatar a maye masa gurbin jirgi da matuƙi ba shi da wata riba a ɓoye abin da ya rasa. A ɓangaren Jamus, yawancin takardun rundunar sama an lalata su a 1945, amma rahotannin asara na ofishin babban jami'in kayan aiki sun tsira na tsawon shekaru da dama, kuma suna auna lahanin jirgi da kaso cikin ɗari, inda wanda ya kai kashi 60 ko fiye ake ɗaukarsa ya tashi daga aiki. Gwada takardun ɓangarorin biyu aiki ne mai buƙatar natsuwa, domin ko agogo ma ba ɗaya ba ne: a watannin gwagwarmayar 1940 lokacin Jamus yana gaban na Ingila da awa guda, kuma mai binciken da ya manta da wannan zai iya danganta mutuwar matuƙi ga wanda bai ma tashi ba a lokacin.

Game da mutanen kansu, an ƙididdige cewa daga cikin ma'aikatan jirgi kusan 3,000 da suka yi faɗa a ɓangaren Birtaniya tsakanin 10 ga Yuli da 31 ga Oktoba, 1940, mutum 544 ne suka rasu a cikin wannan wa'adi. Matuƙin da bai dawo ba ana fara rubuta shi ne a matsayin wanda ya ɓace, sannan a jira ko sunansa zai fito a jerin fursunonin da ƙungiyar Red Cross ke turowa daga Janiba, in kuwa watanni suka shuɗe babu labari sai a ayyana cewa ana ɗaukarsa ya rasu. Bayan yaƙi rundunar ta tura jami'ai na musamman suka bi ƙauyuka da maƙabartu a Turai da wasu sassan duniya suna neman mutum sama da 40,000 da suka ɓace. Duk da haka, ginin tunawa da ke Runnymede, wanda aka buɗe a 1953, yana ɗauke da sunaye fiye da 20,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Wani lokaci ƙasa kan mayar da abin da ta haɗiye: a 2012 aka gano jirgin Kittyhawk na rukuni na 260 a hamadar yammacin Masar, kusan cikakke, shekara 70 bayan Saje Dennis Copping ya ɓace da shi a watan Yuni na 1942, sai dai ba a tarar da shi a cikin jirgin ba.

Ba dukan asara ce ta fito daga bindigar abokan gaba ba, domin haɗurran horo da lalacewar inji da ɓatan hanya sun ci rayuka masu yawa, kuma a nan ne tarihin ya ratso ƙasar Hausa. Daga Satumba 1940, ana sauke jiragen Hurricane a akwatuna a tashar ruwan Takoradi da ke ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, sannan su tashi ayari-ayari, jirgin Blenheim yana yi musu jagora, su bi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, su ratsa El Fasher da Khartum har zuwa Masar. Jirage fiye da 5,000 ne suka bi wannan hanya cikin shekara uku, kuma hazon hunturu da nisan zango sun sa wasunsu ba su isa ba. Ban da wannan, rukuni na 91, wanda aka kafa a Hawkinge a Janairun 1941 da jiragen Spitfire, ya ɗauki sunan Nijeriya ne saboda gudummawar kuɗin sayen jiragen yaƙi da aka tara a ƙasar.

Littattafan ayyukan wannan rukuni suna cikin waɗanda aka ɗora a intanet daga Kew, kuma rajistar Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashen Kwamanwel a buɗe take ga kowa kyauta. Abin da ya rage shi ne sassan tarihi na jami'o'in Kano da Zariya da Maiduguri su tura ɗalibansu su gwada waɗannan takardu da fayilolin lardi da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna, tare da abin da iyalan waɗanda suka yi aikin filayen jirgin suka riƙe daga bakin iyayensu.