Ciwon Damuwa na Iyaye da Hakkin da Ke Kan Jama'ar Masallaci

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa, muna neman tsira da aminci ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku iyaye da 'yan'uwa, tun da ya ke Allah ya sa mun ga zagayowar ranar kafa wannan masallaci, muna so mu yi muku nasiha bisa wani ciwo da ke cin iyayen yara a ɓoye, watau ciwon damuwa.

Ku tuna yadda mu ka saba a gida. Mace kadan ta haihu a Kano ko Katsina, ba a barinta ita kaɗai. Uwa ko gwaggo ta kan zo ta zauna da ita kwana 40, a dafa mata ruwan wanka, a dama mata kunun kanwa, a karɓi jinjiri ta samu ta rintsa. To, a nan Thamesmead fa? Unguwa ce da aka gina kan fadama a bakin kogin Thames, mutane su ka fara tarewa cikinta a 1968. Mai jego tana can ƙulle cikin bene, miji ya tafi aikin dare, kaka tana Nijeriya, ga hunturu, cikin Disamba rana ta faɗi tun kafin ƙarfe 4. Maigida kuma ga kuɗin haya, ga 'yan'uwa a gida suna jiran aike. Ina zuciya za ta huta?

Baƙin ciki na kwana biyu kowa ya san shi. Amma in ƙunci ya wuce mako 2 bai sassauta ba, barci ya ƙi, abinci ya fita rai, mutum ya daina jin daɗin 'ya'yansa, ya riƙa ganin kansa ba shi da wani amfani, lalle wannan ciwo ne. Hukumar lafiya ta ƙasar nan, watau NHS, ta bayyana cewa cikin mata 10 ya kan kama fiye da 1 a shekarar da su ka haihu, ya kan kama maza ma.

Waɗansu su kan ce raunin imani ne. Mu dai ba mu ga haka cikin karatunmu ba. Annabi Yakubu ya yi ta juyayin rabuwa da ɗansa Yusufu har idanunsa su ka yi fari, wannan kuwa bai rage masa daraja ba. Shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalibi su ka rasu, malaman tarihi suna kiranta Shekarar Baƙin Ciki. Abu Zaidi na Balkhu, wanda ya rasu a 934, ya rarraba baƙin ciki gida biyu cikin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfusi: wanda aka san sanadinsa, da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, asalinsa daga jiki, ya na bukatar magani. A ƙasarmu ma, likita Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abekuta a 1954, inda majinyaci ke zama cikin ƙauye tare da danginsa ana yi masa magani, zama ya gane zumunci wani yanki ne na waraka.

Saboda haka wanda abin ya sama, kada ya bar salla da addu'a, kada kuma ya ƙi zuwa wurin likitan unguwarsa, gama neman magani umurni ne na addini. Akwai magani na tattaunawa da gwanaye, kyauta ne, mutum ya na iya neman sa da kansa. Akwai kuma na sha, wanda sai ya yi makonni kafin a ga amfaninsa, ba a kuwa yanke shi sai da shawarar likita. A Greenwich da Bexley, hukumar Oxleas ke kula da wannan fanni. Mun sani uwaye da yawa tsoro ke hana su magana, wai kada a karɓe musu yara. Wannan da wuya ya faru, domin burin ma'aikata shi ne uwa ta warke ta riƙe ɗanta. Wanda ya ji zuciyarsa tana raya masa ya halaka kansa, a kira 999 ko 111 nan take, kada a bar shi shi kaɗai.

Saura mu jama'a. Zumunta a ƙafa ta ke. Abin da gwaggo ke yi a gida, yanzu ya hau kanmu. Mata su raba kwanaki tsakaninsu, wannan ta kai tuwo, waccan ta ɗauko yara daga makaranta, har mai jego ta yi arba'in. Maza kuma, wanda mu ka daina gani a sahu, a je a ƙwanƙwasa masa ƙofa, a zauna a saurare shi, kada a ce masa yi haƙuri kawai a tashi. Asirin da ya faɗa amana ne, wanda ya kai shi dandali ya ci amana. Miji ya karɓi goyo da dare matarsa ta yi barci, wannan ma ibada ce.

Ku sani ana warkewa, sai dai sannu a hankali, kuma lafiyar uwa da uba ita ce inuwar 'ya'ya. Allah ya yaye wa masu ƙunci ƙuncinsu, ya raya mana zuri'a, ya ɗaukaka wannan masallaci. Amin. Haza wasalam.