Tadariji Wajen Fitar da Gyaran Manhaja

Ya Shugaban taro, malamaina masu daraja, da ɗalibai 'yan'uwana: mas'alar da na zo da ita yau, ko da yake a zahiri ta masu rubuta manhaja ce, haƙiƙa ta shafi duk wanda albashinsa ke bi ta banki, ko sunansa ke cikin kwamfutar asibiti, domin waɗannan na'urori ba sa kwana biyu ba a taɓa abin da ke cikinsu ba.

A da, al'adar ma'abota wannan sana'a ita ce su yi shekara ɗaya ko biyu suna tara gyare-gyare, su tsara, su rubuta, su jarraba, sa'an nan su saki kome da kome a rana guda. Alhali tun a 1970 Winston Royce, wanda ake jingina wa wannan tsari, ya yi gargaɗi cewa jinkirta jarrabawa zuwa ƙarshen aiki yana tattare da haɗari. Illar a fili take ga mai lissafi. Idan an saki gyara ɗaya abu ya lalace, an san mai laifi nan take. Amma idan gyara 100 aka saki tare, to laifin yana iya kasancewa a kowane ɗayansu, ko kuwa a saɓani tsakanin biyu daga cikinsu, kuma hanyoyin da biyu za su iya haɗuwa a cikin 100 sun kai 4,950, ga shi kuma waɗanda suka rubuta su sun daɗe da manta dalilinsu. Maginin ƙasa ma ba ya tayar da bango a yini ɗaya, sai ya aza layi ya bari ya sha iska, don in tsaga za ta fito ta fito tun hannu yana kai mata.

Saboda haka aka juya zuwa sakin gyara kaɗan-kaɗan a kai a kai. A 2009 John Allspaw da Paul Hammond na kamfanin Flickr suka bayyana wa taron masana cewa suna sakin gyara fiye da sau 10 a yini, a 2010 kuma Jez Humble da David Farley suka wallafa littafin da ya shimfiɗa ƙa'idojin abin, har ya zama ruwan dare.

To, amma a nan ne nake roƙon ku ba ni aron hankalinku, domin da yawa sun ɗauki rabin darasin sun bar rabi, suna zaton ƙanƙantar gyara ita kaɗai ce kariya. Ranar Juma'a, 19 ga Yuli 2024, kamfanin tsaro na CrowdStrike da ke Amurka ya aika da wani ɗan ƙaramin gyara, irin wanda ya saba aikawa a kai a kai, zuwa kwamfutocin abokan cinikinsa masu amfani da Windows, sai dai ya aika shi ga kowa a lokaci guda. Manhajar kamfanin ta nemi bayani na 21 a inda aka tanadi 20 kacal, sai na'urorin suka tsaya cik, suka kuma kasa tashi. Cikin minti 78 kamfanin ya janye gyaran, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe: Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage aikin tiyata, kuma da yake kwamfutar da ba ta tashi ba ba ta karɓar gyara daga nesa, tilas ma'aikata suka riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da an fara da na'urori ƙalilan, aka dakata ko da na sa'a guda ana duba halinsu, da musibar ba ta wuce wannan 'yar da'ira ba.

Ashe ke nan tadarijin yana da fuska biyu, ƙanƙantar abin da aka canza da ƙarancin waɗanda zai fara isa gare su, kuma dukansu ba su da amfani sai da sharaɗin a iya komawa baya cikin gaggawa. Malamanmu na usulu sun daɗe da tabbatar da cewa tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo maslaha, kuma ban ga inda wannan ƙa'ida ta fi dacewa da aikin zamani kamar nan ba, inda ɗokin kai sabon abu ga jama'a yakan rinjayi tsoron cutar da su.

Ba na cewa hanyar arha ce. Tana bukatar jarrabawar da na'ura ke yi da kanta a kan kowane gyara, da ma'aunan da ke nuna lafiyar aiki a kowane lokaci, da shugabannin da ba za su hukunta ma'aikaci don ya ce a dakata ba. Kuma manhajar da ke tuƙa jirgin sama tana da nata hukuncin dabam. Bayan abin da ya faru, CrowdStrike ya yi alkawarin sakin irin wannan gyara mataki-mataki, tare da bai wa abokan ciniki ikon zaɓar lokacin karɓarsa. Ina kira ga waɗanda ke sa hannu a kwangilar manhaja a madadin jami'a ko banki ko ma'aikata, su nemi a rubuta waɗannan sharuɗɗa biyu a cikin yarjejeniya, haɗe da bayanin minti nawa ake ɗauka kafin a janye gyaran da ya ɓaci.