Sun Gama Sakandare, Sai Ina?

'Yan'uwa talakawan Tambuwal da Kebbe! Maganarmu yau ta 'ya'yanmu ce, makafi da kurame da guragu. Yaro ya yi shekara shida a sakandare, wani ma har makarantar A. A. Raji ta Sakkwato, ya komo gida da takarda, sai a miƙa masa ƙoƙon bara. Ashe karatun na mene ne?

Ku sani fa akwai doka. Cikin Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa mata hannu, ta ce ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙari, cikin ma'aikata ɗari, biyar su zama naƙasassu. Amma doka ba ta da ƙafa, sai mun bi ta.

To, kada mu jira ranar sallama. Tun yaro na aji biyar, uba da malami su zauna da shi, a ji abin da shi yake so. Mai son jami'a a cika masa takardar JAMB. Mai son sana'a kuwa, ku teloli da ke zaune nan, ai kurma ba da kunne yake ɗinki ba. Wanda zai ɗauki yaro ɗaya a shagonsa, ya ba mu sunansa kafin mu tashi.